Yadda Ake Duba Mara Lafiya Ɗan Gudun Hijirar Siriya, Daga Teburin Kati Zuwa Sallama

Tun da ma'aikatan lafiyarmu suka fara yawaita a asibitocin Birtaniya, Jamus da ƙasashen Larabawa, ga kuma ɗalibanmu masu karatun likita a Turkiyya da Masar, tambaya ɗaya ake ta maimaita min: an turo min mara lafiya ɗan Siriya, ta ina zan fara? Wasu kuma ba sa ma tambaya, cewa suke abu ne mai sauƙi, ai Musulmi ne kamar mu, ga ɗan Larabcin Islamiyya a baki. Waɗannan na biyun na fi jiye wa. Bature ya san bai sani ba, sai ya tambaya. Namu kuwa da ya ga hijabi, ya ji "alhamdu lillahi", sai ya ɗauka ya gama sanin mutum, alhali kama da wane ba ta wane.

Zan bi aikin yadda yake zuwa a asibiti. Ina cewa "ka" ne don sauƙin rubutu, ke ma da ke nake.

Abin da za ka tanada

Lambar tafinta, na ido-da-ido da na waya. Ɗaki mai ƙofa da labule, da zanin rufa jiki. Ma'aikaciya mace da za a iya kira cikin minti biyar. Takarda mai sunayen watannin Sham da lambobin Larabci. Jadawalin cike giɓin rigakafi na ƙasar da kake aiki. Sai lokaci: ganawar da ake yi da tafinta tana cin ninki biyu na wadda aka saba, don haka ka nemi a ba ka gurbi biyu tun wajen rubuta suna. Mafi yawan tsadar aikin nan a lokaci take, ba a kaya ba.

1. Tafinta, tun kafin ya iso

Kar ka tambaya "yana jin Larabci?" Ka tambaya wane harshe yake yi a gida. Yawancin 'yan Siriya Larabcin Sham suke yi, amma akwai Kurdawa daga Afrin, Kobani da Kamishli masu harshen Kurmanji, kuma tsofaffin matansu wasu ba su da Larabci sosai. Akwai Armeniyawa, Turkumawa da masu harshen Suryani.

Larabcin ma ba ɗaya ba ne. Tafinta ɗan Maroko da tsohuwa 'yar ƙauyen Idlib za su iya shafe rabin awa kowa na gyaɗa kai ba tare da sun fahimci juna ba. Larabcin da muka koya a Islamiyya, ko na Shuwa da Chadi, ya isa gaisuwa da sanyaya zuciya. Bai isa bayanin tiyata ko adadin insulin ba. Ka yi gaisuwarka da shi, sannan ka miƙa wa tafinta.

A tambayi mara lafiya ko yana son tafinta namiji ko mace, a kuma gaya masa sunan tafintan kafin ya shigo. A ƙaramin gari duk 'yan Siriya sun san juna, kuma yaƙin ya raba mutane gida-gida. In ka ga ya yi shiru bayan jin sunan, ka koma ga tafintan waya daga wani gari.

*Gargaɗi:* kar ka sa yaro ya yi wa iyayensa tafinta, ko da ya fi kowa iya Jamusanci ko Turanci. Uwa ba za ta faɗi zubar jini a gaban ɗanta ba, uba ba zai faɗi abin da aka yi masa a kurkuku ba. Miji ma ba tafintan matarsa ba ne. Manhajar fassara ta waya tana da amfani wajen "zauna nan" da "dawo gobe", ba wajen neman amincewar yin aiki ba.

2. Teburin kati: suna, takardu, kuɗi

A rubuta suna yadda yake a katin shaidar ƙasar da yake zaune, harafi da harafi. Suna ɗaya kan fito da rubutu uku ko huɗu a boko, sai ka tarar mutum ɗaya da fayil biyu, sakamakon gwajinsa yana ɗaya, maganinsa yana ɗayan. Mace ba ta ɗaukar sunan miji bayan aure, don haka sunanta ba zai zo ɗaya da na 'ya'yanta ba. Za ka kuma ga mutane da yawa an rubuta musu 1 ga Janairu a ranar haihuwa. Kar ka dogara da suna da ranar haihuwa kaɗai wajen tantance mai jini ko mai magani, ka haɗa da lambar asibiti. In iyali na riƙe da littafin iyali, wanda suke kira "daftar al-a'ila", zai taimaka wajen shekarun yara.

Batun kuɗi a faɗe shi tun nan, don tsoron biya ya fi komai hana mutane dawowa. Ƙa'idar kowace ƙasa daban, kuma tana sauyawa:

A Birtaniya rajista da likitan unguwa kyauta ce, ba a kuma buƙatar fasfo ko shaidar adireshi. Tafinta ma ba mara lafiya ke biya ba. A Jamus mai neman mafaka yana da damar jinyar ciwo mai tsanani da na gaggawa, da awon ciki da rigakafi, amma cikakkiyar kulawa sai bayan jira, kuma a 2024 aka tsawaita jiran daga wata 18 zuwa 36. A Turkiyya, wadda ta taɓa ɗaukar 'yan Siriya kusan miliyan 3.6, komai ya rataya ne a kan katin da suke kira "kimlik", kuma yana aiki ne a lardin da aka yi rajista. Akwai cibiyoyin lafiyar baƙi inda likitoci 'yan Siriya ke aiki, waɗanda suka fi dacewa da tura tsofaffi. A Jodan kyauta ake duba su har zuwa Nuwamban 2014, aka koma biyan kuɗi, aka ƙara shi sosai a 2018, aka sake sauke shi a 2019. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abin da ka ji bara ba lallai ne yana nan bana ba. Ka tambayi ofishin walwalar asibitinku ko na UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kafin ka yi wa kowa alkawari.

*Gargaɗi:* kar ka ɗauka duk ɗan gudun hijira a tanti yake. Sansanonin Za'atari da Azrak na Jodan sun yi suna, amma mafi yawan 'yan Siriya a Jodan, Labanon da Turkiyya haya suke kamawa a cikin gari. Wanda ke gabanka zai iya zama injiniya ko malamar jami'a daga Halab.

3. Mintuna biyar na farko

Ka miƙe, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da aikinka. Ga namiji ka ce "salamtak", ga mace "salamtik", wato sannu, Allah ya sawwaƙe. Za ka ga fuska ta saki. Kar ka riga miƙa hannu ga wanda ba jinsinku ɗaya ba. Ɗora hannu a ƙirji ya wadatar, in ta miƙo kuma ka karɓa.

Ka tambayi yadda yake so a kira shi. A nan al'adarmu da tasu suka yi hannun riga. Mu uwa kan ji kunyar ɗan fari, ba ta ko kama sunansa. Su kuwa girmamawa ce a kira mutum da sunan babban ɗansa: Abu Ahmad, Ummu Ahmad. Dattijo ana ce masa "hajji" ko "ammo", dattijuwa "hajje". Kai kuma za ka ji suna ce maka "doktor" ko "hakim".

Daga nan sai maganar sirri, kuma kar ka yi ta da gaggawa. Ka faɗa a fili cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya zuwa ofishin jakadanci, ba ya zuwa wurin dangi, kuma tafinta ma yana ƙarƙashin wannan doka. Ka faɗi inda sirrin ya tsaya bisa dokar ƙasar, misali in rayuwar yaro na cikin haɗari. Dalilin nanata wannan shi ne, a Siriya asibiti bai kasance wurin aminci ba. Ƙungiyar Physicians for Human Rights ta lissafa hare-hare kimanin 600 a kan cibiyoyin lafiya, da kisan ma'aikatan lafiya sama da 900. An kama masu rauni a kan gadon jinya. A Yunin 2025 wata kotu a Frankfurt ta yanke wa wani likita ɗan Siriya ɗaurin rai-da-rai saboda azabtar da fursunoni a asibitocin soja. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya, kuma farar rigarka tana iya zama tsumman.

*Gargaɗi:* kar ka tambayi ɗariƙa ko ɓangaren da yake goyon baya, kar kuma ka yi sharhin siyasa, ko na murna ko na jaje. Yawanci Ahlus Sunna ne, amma akwai Kiristoci, Alawiyawa, Duruz, Isma'iliyawa da Yazidawa. Tambayar da ta shafe ka ita ce: akwai wani abu na addini ko al'ada da kake so mu kiyaye wajen jinyarka?

4. Ɗaukar tarihi

"Alhamdu lillahi" ba amsa ba ce, kamar dai yadda namu kan ce "da sauƙi" yana kwance rai a hannun Allah. Ka karɓa, ka sake tambaya: me ya hana ka barci, me ka daina iya yi? Ka kuma lura da wata alama da ke ruɗa baƙi: in ya ɗaga gira da haɓa sama, ya yi ɗan tsaki, "a'a" yake nufi. Ba raini ba ne.

Ka tambayi garin da ya fito, shekarar da ya bar shi, da inda ya yada zango a hanya. Wannan don lissafin cututtuka ne, ba don jin labari ba, kuma ka gaya masa haka.

Magunguna: kafin yaƙi Siriya ita ke haɗa kusan kashi 90 cikin 100 na magungunanta, don haka sunayen da zai ambata ba za ka same su a littafinka ba. Ka ce ya nuna maka kwalin ko hotonsa a waya, ka duba sunan sinadarin. Ka tambayi abin da dangi ke aiko masa daga Turkiyya ko Labanon. Ka tambayi na gargajiya ba tare da yatsina fuska ba: shayin furanni da suke kira "zuhurat", yansun da babunaj (tsirrai ne da ake dafawa a sha kamar shayi), habbatus sauda, ƙaho. Taba sigari da shisha, wadda suke kira "argile", a tambayi maza da mata duka. Da yawa ba sa lissafa shisha cikin shan taba. Giya ma a tambaya, a keɓe.

Abubuwa uku ne ke jawo kuskuren lissafi. Na ɗaya watanni: ba Janairu da Fabrairu suke cewa ba, sai Kanun al-Sani, Shubat, Azar, Nisan, Ayyar, Haziran, Tammuz, Ab, Ailul, Tishrin al-Awwal, Tishrin al-Sani, Kanun al-Awwal. Kanun biyu ne, Tishrin biyu, don haka in mai ciki ta ce ta ga al'adarta ta ƙarshe a Tishrin, ka tambaya wanne, ko ka ce ta faɗi lambar watan. Na biyu lambobi: a rubutun Larabci biyar kamar sifiri take, sifiri ɗigo ne, shida kuma kamar bakwai ɗin boko. Mu da muka saba da lambar ayoyi wannan ba zai ba mu wuya ba, sai ka taimaki abokan aikinka. Na uku ma'auni: in ya ce jininsa "12 a kan 8", 120 a kan 80 yake nufi. In ya ce sugansa 180, ka raba da 18 ka samu 10 a ma'aunin Birtaniya.

5. Duba jiki

A ba da zaɓin namiji ko mace tun kafin a nema. In babu, ka faɗi gaskiya, ka ba da zaɓi biyu: a jira wata rana, ko a duba yau da ma'aikaciya a tsaye. A buɗe wurin da za a duba kaɗai, a rufe kafin a buɗe wani. Ba sai an cire mayafi duka don duba kunne ba. Maza ma suna jin nauyin tuɓewa.

Ka faɗi abin da za ka yi kafin hannunka ya taɓa jiki, kar ka tsaya a bayansa, kar ka tare tsakaninsa da ƙofa. Wanda aka taɓa azabtarwa da lantarki zai iya firgita in an manna masa wayoyin awon zuciya, wani kuma ba zai iya shiga ramin na'urar hoto ba. Ciwon kafaɗa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa yana iya zama daga ratayewa da hannu, abin da tsofaffin fursunoni ke kira "shabah", ciwon tafin ƙafa kuma daga dukan "falaka". In ka ga tabo, ka ce: kana so ka gaya min yadda aka yi, ko mu bar shi zuwa wani lokaci? In ya faɗa, ka rubuta da kalmominsa, ka auna tabon, ka kwatanta shi. Rubutun nan na iya yi masa amfani a shari'ar neman mafaka.

6. Gwaji da rigakafi

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi cututtukan da ake tsoro a manta waɗanda ke kisa. Hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da na huhu su ne kan gaba, kuma da yawa sun yi shekaru magani na yankewa. Ka auna jini da suga ga duk babba. Tarin fuka a Siriya bai kai yawan da muka sani a Najeriya ba, amma wanda ya zauna a kurkuku ko cunkoson sansani a duba shi.

Sai waɗanda idonmu bai saba da su ba. Gyambon da ba ya zafi a fuska ko hannu, ya yi watanni, ya ƙi jin maganin ƙwayoyin cuta: ka tuna da lishmaniya ta fata, wadda su da kansu ke kira "habbat Halab" ko "habbat al-sana", ƙurjin shekara. Cizon wani ɗan mitsitsin ƙuda ke kawo ta, ba a ɗauka ta taɓa juna, sai a tura wa likitan fata. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, ga mai cin cukun ɗanyen nono: a gwada burusela, su "humma maltiyya" suke cewa. Tsohon raunin harsashi ko na bam mai ruwa: a ɗauki samfuri kafin a ba da magani, don ƙwayoyin da ba sa jin magani sun yawaita a irin raunukan nan. In za a keɓe shi a ɗaki, a bayyana masa dalili, kar ya ɗauka ƙyama ce.

Ƙarancin jini da ƙananan ƙwayoyin jini ba kullum rashin sinadarin ƙarfe ba ne. Talasimiya gadon yankin ce, kamar yadda sikila take a wurinmu. A auna ma'ajiyar ƙarfen jiki kafin a ɗora mutum a kan maganin ƙarin jini na wata da watanni. Auren zumunci ya yawaita a cikinsu kamar mu; kar ka yi wa'azi, ka ba ma'auratan damar gwaji tare. Akwai kuma ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa: yaro ya ci waken "ful", washegari ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi. Mai wannan a nisanta shi da kafur na cikin kaya da maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna primaquine, jariri kuma kar a sa masa lalle.

Rigakafi: yaƙi ya wargaza shi, har shan inna ta dawo a Dair al-Zur a 2013 bayan shekaru da kawar da ita. In akwai kati a karanta a ci gaba daga inda aka tsaya. In babu rubutu, a ɗauka ba a yi ba, a fara bisa jadawalin cike giɓi. Yawancin iyayen Siriya suna son rigakafi, don haka kar ka shigo da shirin gardama.

7. Ciwon da ba a kiran sunansa

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi ɓata shi.

Da wuya wani ya zo ya ce yana da ciwon damuwa. Zai zo ne da ciwon kai, nauyin ƙirji, ciwon ciki, kasala. Kalmomin da za ka ji ta bakin tafinta su ne: "ta'aban", na gaji, "makhnuk", an shaƙe ni, "albi ma'abud", zuciyata a damƙe take, "habat albi", gabana ya faɗi. Ka roƙi tafinta tun farko ya kawo maka irin waɗannan yadda aka faɗe su, kar ya mayar da su kalmar likita.

Tsarin shi ne: ka fara da jiki, da gaske. Ka auna, ka saurari ƙirji, ka yi gwajin da ya dace. Sannan ka tambayi barci, don kowa na iya maganar barci ba tare da jin kunya ba. Daga barci sai mafarki, sai yawan tunani, sai saurin fushi da yara. Ka yi amfani da kalmar da ya kawo. In ya ce "daght", wato matsi, kai ma ka ce matsi. Kalmar "majnun" da duk abin da ya yi kama da tabin hankali a guje su, don tana iya hana 'yar gidan samun miji. Maimakon "zan tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa", ka ce akwai wanda aikinsa shi ne taimakon mutanen da matsi ya hana su barci.

Kar ka ɗauka kowa yaƙi ne ke damunsa. Sau da yawa abin da ke hana barcin yana nan kusa: kuɗin haya, takardar zama da ba ta fito ba, uwa da aka baro, magidancin da yanzu 'yarsa ce ke karanta masa wasiƙa. Wani lokaci haɗa shi da lauya ko ma'aikacin walwala ya fi kowace ƙwaya. Akwai kuma masu jiran wanda ya ɓace. Sama da mutum 100,000 ne ba a san inda suke ba, kuma da aka buɗe kurkukun Saidnaya bayan faɗuwar gwamnatin Assad ranar 8 ga Disamban 2024, iyalai da yawa a lokacin ne suka gane nasu ba zai dawo ba. Makokinsu sabo ne ko da an kama mutumin shekara goma da suka wuce.

Tambayar kashe kai dole a yi ta, amma in ka yi ta kai-tsaye za a ce maka haramun ne a rufe zancen. Ka bi ta gefe: akwai lokacin da kake fatan ka kwanta kar ka farka? In ya ce e, sai ka matsa a hankali zuwa ko ya taɓa tunanin hanya.

In ya ce kambun baka ne ko aljani, ko yana zuwa wurin shehi a yi masa ruƙiyya, kar ka yi dariya, kar kuma ka zama malamin da kanka. Ka ce ya ci gaba da addu'arsa, a haɗa da magani, ka tabbata dai ba a ce ya daina shan na farfaɗiya ba kuma ba a dukansa. Kayan aiki akwai su kyauta: jagorar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta mhGAP ta wuraren agaji, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) da UNHCR suka fitar a 2015, da shirin PM+ na koyar da dabarun rage damuwa cikin zama biyar, wanda aka gwada da 'yan Siriya kuma ɗan'uwansu da aka horar ke iya gudanarwa.

*Gargaɗi:* kar ka matsa wa kowa ya ba ka labarin abin da ya gani, musamman in saura minti biyar ka tashi. Kar kuma ka rubuta diazepam da danginsa don barci. An saba sayensu a kemis ba takarda, kuma sabo da su ya riga ya zama matsala.

8. Mata da ciki

Ki samu minti biyar ke da ita da tafinta mace kaɗai, a kowace zuwa. Ki mayar da shi ƙa'idar asibiti ga kowa, kamar lokacin awon nauyi ko karɓar fitsari, don kar miji ya ga an ware shi. A nan ake tambayar duka a gida, da tazarar haihuwa, da abin da ya faru a hanya. In fyaɗe ne na kwanan nan, maganin kariya daga HIV yana da awa 72, na hana ɗaukar ciki awa 120. Maza ma an yi musu a wuraren tsarewa, kuma sun fi mata ɓoyewa.

Robar da ake sakawa a mahaifa, "laulab" a bakinsu, sananniya ce a Siriya, don haka zancen tazara ba baƙo ba ne. Budurwa kuwa kar a duba ta ta gaba ba tare da dogon bayani da yardarta ba. In dangi suka nemi takardar shaidar budurci, a ƙi; WHO ta ce tun 2018 gwajin ba shi da tushe a ilimi. Da yawa sun saba da likitar mata da hoton ciki a kowane awo da haihuwa ta tiyata, sai su ga ungozoma kamar an rage musu daraja. Ki bayyana mata horon da ungozoma ke da shi. Bayan haihuwa akwai kwana arba'in kamar namu. Ki tambaya ko ana ba jariri ruwan yansun ko ruwan suga, ko ana sa masa kwalli, wanda kan ƙunshi gubar dalma. In za ki yabi jariri, ki haɗa da "ma sha Allah".

9. Rubuta magani

A Siriya mutum kan wuce kai-tsaye wurin ƙwararren likita, ya fito da takarda cike, ko ya sayi maganin ƙwayoyin cuta a kemis. In ka sallame shi da "sha ruwa ka huta", zai ɗauka don shi ɗan gudun hijira ne. Ka faɗi abin da ka duba, abin da ka samu, dalilin da mura ba ta buƙatar wannan magani, da alamomin da in ya gani ya dawo.

Batun alade ka riga shi faɗa. Wasu kafso da wasu rigakafi na da gelatin na alade, heparin ma, maganin hana daskarewar jini, daga alade ake samunsa. In akwai madadi a ba shi: a rigakafin ƙyanda na MMR, Priorix ba shi da gelatin. In babu, ka sanar da shi cewa taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ya halatta gelatin da ya rikiɗe, sannan ka bar masa zaɓi. In ya gano da kansa daga baya, ba zai sake yarda da kai ba.

Azumi: ka tambaya ko zai yi, kar ka ɗauka. Mai ciwon suga a gan shi mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, a sake tsara magani tsakanin sahur da buɗa-baki, a sauya ƙwayar suga ta glibenclamide in da hali. Ya san cewa huda yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma ya karya azumin in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin da suka saba da shi, ba na Birtaniya ba. Kiristocinsu ma suna da dogon azumi kafin Ista, inda suke barin nama da nono.

10. Labari mara daɗi

Ciwon daji ba a cika kiran sunansa ba, "hadak al-marad" ake cewa, wancan ciwon. Babban ɗa zai tare ka a baranda ya roƙe ka kar ka gaya wa mahaifiyarsa. Mun san wannan a gida. Hanyar fita ita ce ka tambayi mara lafiyar tun kafin sakamako ya fito: in an samu wani abu, ke za a gaya wa, ko wa kike so ya ji, kuma har ina kike son sani? In ta wakilta ɗanta, ka rubuta a fayil. In ta ce ita za a gaya wa, hakkinta ne, kuma ko ta yaya kar ka yi mata ƙarya. Sa hannun tiyata na mai jikin ne, ba na miji ko ɗa ba, sai dai ta so a yi shawara da su. Masu dubiya za su zo da yawa. A tsara musu shiga bibbiyu ya fi a kore su.

11. Sallama

Kar ka tambaya "ka gane?", don ladabi zai sa ya ce e. Ka ce ya maimaita maka yadda zai sha maganin. A rubuta da Larabci a jikin kwali, wanda bai iya karatu ba a zana masa rana da wata. Ranar dawowa a rubuta ta da lambobi, a kauce wa lokacin sallar Juma'a da lokacin ɗauko yara. Wasiƙar asibiti cikin Jamusanci ko Turanci takan ƙare a aljihun tebur, don haka in dokar wurin aikinku ta yarda, saƙon murya da Larabci ya fi isa. A ba shi lambar gaggawa: 112 a Jamus da Turkiyya, 999 a Birtaniya, 911 a Jodan, 140 ta motar asibitin Red Cross a Labanon.

Tambaya ta ƙarshe sabuwa ce: kana shirin komawa gida? Zuwa Satumban 2025 UNHCR ta ce mutum miliyan 1 sun koma Siriya daga ƙasashen waje, kuma asibitocin da za su tarar da yawa a rushe suke ko ba kayan aiki. In ya ce e, ka cike wa yara rigakafi kafin tafiya, ka ba shi taƙaitaccen tarihin jinyarsa da sunayen sinadaran magani maimakon sunan kamfani, da maganin da zai kai shi iya watannin da doka ta ba ka dama. Mai wankin ƙoda, mai insulin da mai karɓar maganin daji kuwa, a nemo inda za su ci gaba a garin da za su sauka tun kafin su sayi tikiti. Ka ce ya ɗauki hoton kowace takarda a wayarsa, ya kuma tura wa wani ɗan'uwa kwafi.